Ganyen Namele a Ƙofar Rumfar Siminti

Aron girma mugun ciwo ne. Mutum ya ga sunansa a takardar gwamnati, sai ya ɗauka har ikon da bai gada ba, bai kuma saya ba, ya zama nasa. To, kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ya ci Hosea Tarileo na ƙauyen Lomalanga ke nan.

Ranar da majalisar yanki ta ba shi kwangilar gina gada a kan rafin da ke raba ƙauyen da hanyar kasuwa, gari ya ɗauka. Shekara nawa mata na tsallaka ruwan nan da kwandon gwaza a ka, in ya cika kuma a kwana uku ba fita. Ga shi ɗan gari ne ya ci kwangilar, ba wani baƙo daga Port Vila, babban birnin ƙasar, ba. Sakatariyar majalisa, Merelin Aru, ta karanta sharaɗin a gaban kowa: mako shida, ranar Juma'ar ƙarshe injiniya zai zo dubawa. In gada ta tsaya, aikin hanyar da ke biye ma na Hosea ne. In ba ta tsaya ba, a ba wani.

Da jirgi ya sauke siminti buhu ɗari da ashirin, har tsofaffi sai da suka gangara bakin teku. Aka yi ta dakonsa ana waƙa, aka jibge a rumfar da Hosea ya kafa kusa da rafi, ya lulluɓe da tamfol. Shi kuwa sai kai da komo yake, takarda a hammata, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa don murna.

Kafin kwana biyu dangi suka fara sallama. Kawunsa Silas na son buhu ɗaya ya gyara kabarin matarsa. Gwaggo Rolin ta ce rabin buhu ya ishe ta, tankin ruwanta ke yoyo. Limamin coci ma ya zo, ya yi ta zancen matakalar da ta tsage, bai roƙa ba, bai kuma tafi ba. A Lomalanga ba a ce wa kawu a'a, Hosea ya sani. Ya kuma san in ya buɗe wannan ƙofa, gadar za ta ƙare a kan kaburbura da tankuna.

Sai dabara ta faɗo masa. Mai gari Bulesali ya tafi zaman makoki wani tsibiri, sai bayan kwana goma. Da sassafe ranar Litinin Hosea ya shiga daji, ya yanko ganye biyu na namele, wata bishiya mai kama da dabino, ya gicciya su, ya ɗaure a sanda, ya kafa a ƙofar rumfa. Ko yaron goye ya san namele: inda aka kafa shi an haramta wurin, ba mai shiga, ba mai taɓawa, sai wanda ya kafa ya cire. Kuma ba ya kafuwa sai a hannun wanda ya yanka aladu ya hau matsayi. Hosea kuwa ko kaza bai taɓa yankawa don matsayi ba.

Dabara ta ci. Gwaggo Rolin ta taho da bokitinta, ta hango ganye, ta juya gida. Hosea na bayan bishiya yana dariya har da riƙe ciki.

Can leburori suka iso, su goma sha biyu, babban magini Edwin Garae a gaba. Suka yi turus. Hosea ya ce su shiga su fito da buhu goma, rana na yi. Edwin ya dube shi, ya dubi ganyen.

"Ɗan kwangila, idonka ne ya tafi Vila ya bar ka? Mai gari ya rufe wurin nan kafin ya tafi."

"Ai ba don ku ba ne. Don masu roƙo ne."

"Ganye ya san mai roƙo? Kai ya gaya maka? To shiga ka fito mana da shi, mu ga ƙarfin takardarka."

Nan Hosea ya ga ya shiga tsaka mai wuya. In ya ce shi ya kafa, ya amsa laifin satar ikon manya. In ya tuge, ya tuge haramcin mai gari a gaban shaidu goma sha biyu. Ko a ɓoye ya cire, wa za a tuhuma in ba mai siminti ba? Ya gina rami, ya manta bai gina shi gajere ba. Sai ya ce a haƙa gindin gada tukuna, a jira mai gari.

Labari ya zaga gari kamar wutar daji. Kowa da nasa fassarar: wasu suka ce rikicin fili ne, wasu suka ce kakanni ne ba sa son gada. Mutane suka riƙa zuwa kallon ganye kamar ba su taɓa gani ba, har wata ta kafa teburin sayar da ayaba a gefe.

Rana ta shida iska ta taso daga teku da tsakar rana, ta yaye tamfol, ta maƙale shi a kan kwakwa. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mutum fiye da talatin na tsaye suna kallon siminti na shan ruwa, ba wanda ya ɗaga ƙafa. Hosea ya yi taku biyu, ya ga idanu a kansa, ya koma. Kwana biyu aka yi ana tafka shi.

Da mai gari ya sauka daga kwale-kwale, tun bai wanke ƙafa ba aka ja shi zuwa rumfar, gari duk na biye. Tsoho ya tsaya, ya daɗe yana duban sandar. Ya ce shi bai kafa ba. Wuri ya kaure da hayaniya. Ya ɗaga hannu, ya sunkuya, ya nuna ɗaurin.

"Tun zamanin kakana da igiyar daji ake ɗaure namele. Wannan da wayar ɗaurin rodi aka ɗaure shi. Hosea, ɗana, mutum nawa ke da irin wayar nan a Lomalanga?"

Gwaggo Rolin ce ta amsa daga bayan taro, ta ce da Hosea ya ba ta rabin buhun nan, da aƙalla rabin buhu ya tsira. Dariya ta ɓarke har da masu faɗuwa ƙasa.

Aka zauna a zauren gari a yanke hukunci. Mai gari ya cire ganyen da hannunsa bayan an biya tara, amma abin da aka tarar a rumfa duwatsu ne masu siffar buhu. Jirgi na gaba sai bayan wata guda. Ranar Juma'ar da aka sa, Merelin Aru ta zo da injiniya, suka ga ramuka huɗu cike da ruwa da kwaɗi. A wurin ta karɓi takardar, ta miƙa wa Edwin Garae, shi ya gina gadar da ake takawa yau.

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ga abin da Hosea ya rasa: siminti buhu ɗari da huɗu, don sha shida kawai aka tsamo daga tsakiya, tarar alade biyu masu lanƙwasasshen haure, jan tabarma goma, saiwa uku ta kava da ake jiƙa wa manya su sha, kwangilar gada, aikin hanya da bai ko fara ba, da bakin magana a zauren gari har shekara biyu.