Injin Ruwan Zafi a Zauren Malam Jibril

Zubaida ta san ƙaninta Nu'uman tun yana yawo ba wando, kuma ta san ko kunu zai ba ka sadaka, sai ya jira mutane sun taru. Da ya ce zai sa wa mahaifinsu Malam Jibril injin ɗumama ruwa, irin mai zuƙo zafi daga iska, nan take ta gane inda ya dosa.

A gidansa na siminti da ke Daura, can bayan banɗaki aka ajiye nasa injin, inda ba mai ganinsa. Amma a gidan ƙasa na tsohon a Dutsi, sai ya kafe a zaure za a kafa shi. Mai haɗawa ya ce, "Alhaji, abin nan iska mai sanyi yake fitarwa, ga gurnani. Tsakar gida ta fi."

"Wa zai gan shi a tsakar gida?" in ji Nu'uman.

To, zauren nan shi ne duk abin da ya rage wa Malam Jibril. Ido ya tafi, ƙafa ta ƙi, sai hira da tsofaffin abokansa bayan la'asar. Ruwan alwalarsa kuwa shekara tara Zubaida na dafa masa a murhu, bai taɓa kuka da shi ba.

Aka jera sola a kan rufi, aka ɗauki hoto, Nu'uman ya shige mota ya tafi. Sanyi na shigowa, zaure ya koma kamar cikin randa. Malam Audi mai ciwon gwiwa ne ya fara ɗauke ƙafa. Sama'ila ya ce ba ya jin magana saboda gurnani. Kafin mako biyu majalisa ta koma gindin darbejiyar masallaci, inda tsoho ba ya iya kaiwa. Kullum yana zaune cikin bargo yana kasa kunne ko za a yi sallama. Abin ya ƙona wa Zubaida rai, ta tsani injin, ta fi tsanar mai shi.

Ranar Juma'a ta kashe shi, ta hura murhu. Ba wanda ya dawo, sun riga sun saba da can.

Da yamma Nu'uman ya kira. "Yaya, mutane suna ganin injin kuwa?"

Ta dubi tabarmi huɗu da ke naɗe a jikin bango.

"Kowa ya gani," ta ce. "Baba ne kaɗai bai gani ba, kuma shi kaɗai ya rage a zauren."