Jan Baki a Dungun Baba

Ƙafar roba ta farko da aka yi wa Baba tana ƙarƙashin gado har yau, kuma laifin bakinsa ne. Ranar gwaji an tambaye shi ko tana matsa masa, ya ce ai kamar da ita aka haife shi. Ya dawo gida dungun ya saluɓe, bai sake waiwayarta ba. Baba tsohon tela ne, a duniya babu abin da ya tsana kamar a kushe wa mutum aikin hannunsa.

Shi ya sa da Auta, 'yarsa mai haɗa ƙafafun roba, ta ce ita za ta yi masa ta biyu, tsoronta ɗaya ne: kada wannan ma ta bi 'yar'uwarta ƙarƙashin gado, Baba ya ƙare rayuwarsa a kan kujera.

Kwanson da dungu ke zama a ciki shi ne ƙafa, sauran duk ƙarfe ne. Auta ta ja leda a kan siffar dungun da ta zuba da filasta mai kama da farin siminti, ta yi ta sa masa safa a kan safa, ta naɗa baƙin zare mai ƙarfi inda nauyi zai sauka, ta rufe da wata ledar, ta tsiyaya ruwan gam ta sama. Inji na zuƙe iska, ita kuma tana bi da igiya tana tatso gam ɗin zuwa ƙasa, tana korar kumfa, don 'yar kumfar yau ita ce tsagewar gobe. Da ya bushe ta yanke, ta farfashe filastar ciki, ta goge bakin har ya fi bakin kofi santsi.

Ranar gwaji Mama ta rako shi. Ya sa, ya miƙe, tun bai taka ba ya fara sa albarka. Auta ta san wannan waƙar. Ta zaunar da shi, ta ce Mama ta ara mata jan baki. Mama ta ce ita da girmanta me za ta yi da jan baki, sannan ta zaro shi daga jaka. Auta ta shafa a kan ƙasusuwan dungun, Baba yana gunaguni wai sai da ya tsufa aka fara yi masa kwalliya.

Ya sake sa ƙafar, ya taka, ya je ya dawo. Da aka cire, ga ja nan ɓaro-ɓaro a cikin kwanson, daidai ƙashin gaba.

"Baba, nan fa?"

Ya kau da kai. Ya ce ya ga yadda gam ya cinye mata hannu, da wane baki zai ce bai yi ba?

Tausayinsa ya kama ta, haushi ma haka. "Ba kai kake cewa mai dawo da ɗinki shi ne mai niyyar sawa ba? Mai yawan yabo a akwati yake jefawa."

Baba ya karɓi kwanson, ya bi cikinsa da babban yatsa yadda yake bin ɗinki a da, ya tsaya a wani lungu ta baya, inda ko ɗigon ja babu.

"Nan ma yana cizo," in ji shi a hankali, kamar mai neman gafara.

Auta ba ta taɓa jin yabon da ya yi mata daɗi irin wannan ƙorafin ba. Ta ɗauki kwanson ta nufi injin gogewa tana share ido da bayan hannu. A bayanta ta ji Baba yana tambayar Mama ina ta ajiye masa warin takalminsa na hagu.