Yatsa Huɗu a Cikin Kalmasa

Shekara goma sha ɗaya ke nan Batulu tela, ita da mata shida da ke aiki tare da ita, suke ɗinka wa wata makarantar 'yan mata a Birnin Kudu yunifom. Ranar taron iyaye, Alhaji Manu, shugaban kwamitin makarantar, ya zaro wata riga daga leda ya ɗaga sama.

"Daga bana wani kamfani a ƙasar waje zai riƙa ɗinko mana," in ji shi. "Ga kyau, ga araha. Batulu, sai haƙuri, zamani ya wuce keken ƙafa."

Batulu ta tuna matan nan shida. Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi rigar, ta sa almakashi ta farke kalmasar ƙasa. Abin da ya sauko bai kai faɗin farce ba.

"Ke! Samfur ne fa!"

"Zan mayar maka, Alhaji, ai sana'ata ce."

Ta ciro ɗinkinta daga jaka, shi ma ta farke. Yadi faɗin yatsa huɗu ya sauko.

"Yarinya tsawo take yi kamar dawa da damina," ta ce. "Wanda ya ɗinka taka bai san uwa za ta saki riga baɗi ba. Ni na sani."

Inna Ummussalma, wadda ta taso tun daga Kwandiko, ta miƙe.

"Riga ɗaya ta Batulu, 'ya'yana uku suka sa. Alhaji, ta ledar nan, ka kai wa taka 'yar."

Iyaye suka goyi bayanta. Batulu ta zauna, ta sa zare a allura, ta fara mayar masa da kalmasarsa.