Baitin da Torika ta Yanke

Tun da jirgin ruwa ya bar birnin Suva Torika take lallashin zuciyarta cewa abin ba zai wuce rabin awa ba. Za su zauna, Kawu Netani ya miƙa saiwar yangona, wadda ake kaiwa gaisuwar roƙo a dama a sha, tsohuwar da za su je wurinta ta sa hannu a takarda, shi ke nan. Waisea mai situdiyo ya gama haɗa waƙar tun makon jiya, amma ya rantse ba zai sake ta ba sai ya ga izinin iyalan marigayi Isikeli, wanda ya tsara ta. Ita ce waƙar farko da za ta fita da muryar Torika, bayan shekara biyu tana yi wa baƙi waƙa a wani otal a Nadi, suna tafi da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da kofi.

Da suka sauka daga kwalekwale a tsibirin Kadavu, Kawu ya tsaya ya ƙare mata kallo.

"Ke, sauke tabarau ɗin nan daga kanki. Ja zanen ƙasa. Nan ba otal ba ne, 'yar birni."

"Kawu, na sani mana."

"Kin sani? Ke da rabonki da ƙauye tun kina sharɓar majina?" Ya gyara ƙunshin saiwar a hammatarsa, ya rage murya. "Tambaya ɗaya. Kin taɓa rera waƙar nan gaban jama'a? Don jawabin roƙo daban, na neman gafara daban. Kada ki sa in shiga da wanda bai dace ba."

"Ban taɓa ba," in ji Torika, idonta a kan ruwa.

Kowace Juma'a da yamma take rera ta. Da ita ma ake rufe taro, da ganga da tsalle, Turawa suna riƙe ƙugun juna suna zagaya tebura.

Ɗakin ya cika kafin su iso. Dattawa sun jeru a kan tabarma, Kaka Vasemaca, matar marigayin, tana daga can sama, 'yar ƙanƙanuwa, gashinta fari fat. Kawu ya durƙusa, ya ajiye saiwar a gabansa, ya dafa ta da hannu biyu. Kai, Kawu ya iya magana! Ya ce yarinyar nan ta ji waƙar a wani tsohon kaset, ta shiga ranta, amma ta riƙe ta a bakinta kamar ruwan zafi, ta ƙi furta ko kalma sai ta zo ta durƙusa gaban masu ita. Dattawa suka yi ta gyaɗa kai.

A nan ne Torika ta ɗaga ido ta ga matar da ke yi wa tsohuwa fifita.

Ta san fuskar. Ta san ta cikin rigar ma'aikatan otal ɗin, tana tura keken tawul a bayan dandali kowace Juma'a. "Sannu, Inna," abin da ke haɗa su ke nan. Ko sunanta ba ta taɓa tambaya ba. Matar ta dube ta sau ɗaya, ba fushi, ba murmushi, ta ci gaba da fifita.

 Dattijon da ke magana da yawun gidan ya matso zai karɓi saiwar. In ya dafa ta, an karɓi maganar Kawu ke nan yadda ya faɗe ta. Akwai sauran lokaci, ɗan kaɗan, da Torika za ta iya jan rigar Kawu. Ta ga hannun dattijon yana sauka. Ba ta motsa ba. Aka tafa alamar an karɓa, aka dama saiwar, ƙoƙon kwakwa ya zagayo kanta, ta shanye, harshenta ya yi nauyi.

"To, 'yar nan," in ji Kaka Vasemaca, "rera mana mu ji. Na kwana biyu ban ji mijina a bakin wani ba."

Torika ta ja numfashi ta fara. Ba ganga, ba jita, sai muryarta tsirara. Baitin farko: mace a bakin gaɓa da fitila, tana cewa iska ta yi hankali da abin da ta ara. Baiti na biyu: ta dafa gwaza na mutum biyu, ta ci nata, ta rufe nasa. Ta yi ƙoƙarin ja a hankali, amma shekara biyu na rawa sun zauna mata a maƙogwaro, waƙar sai gudu take. Ta kai ƙarshe, ta yi shiru.

Ɗakin bai yi shiru ba. Matan da ke bakin ƙofa suka ɗauka daga inda ta ajiye, ƙasa-ƙasa, kamar masu ɗauke da wani abu mai fashewa. Baiti na uku. Torika ta san da shi. Yana cikin kaset ɗin. Ita da kanta ta yanke shi tun ranar farko, domin jerin sunaye ne kawai, ba ya rawuwa. Yanzu ta ji kowane suna yana faɗawa wani wuri a ɗakin. An kira ɗaya, wani dattijo ya sunkuyar da kai. An kira na biyu, wata ta rufe fuska da gefen zane. Suna biyar. A na ƙarshe fifitar ta tsaya.

"Su biyar suka fita kamun kifi, ba wanda ya dawo," in ji tsohuwa. "Na ƙarshen mijin Unaisi ne, 'yata ga ta nan mai yi mini fifita. Watansu bakwai da aure. Ubanta ya ga tana dafa gwaza na mutum biyu har shekara ta zagayo, ya rasa abin da zai ce mata, sai ya ɗauki jita."

Hawaye suka ɓalle wa Torika, masu zafi, marasa kyan gani.

"Na yi ƙarya," ta ce. Mace baƙuwa ba ta magana a wannan zama, amma ta riga ta fara. "Kawu bai sani ba. Shekara biyu ina rera ta. Ana rawa da ita. Mun ma naɗe ta."

Kawu Netani bai juyo ba. Ta ga bayan wuyansa kawai, da yadda kafaɗunsa suka sauka, mutumin da ake ɗauka daga gari zuwa gari don maganarsa ba ta taɓa faɗuwa ba.

"Faɗi sauran," in ji Unaisi, muryarta a kwance. "Faɗi abin da kike gaya wa Turawa kafin ki fara."

Torika ta ce, "Ina cewa kakata ce ta koya mini."

Tsohuwa ta kece da dariya har da tari. "Ikon Allah! Ashe ina da jika a Nadi, ko sabulu ba ta taɓa aiko mini ba!"

Wasu suka yi dariya, kuma dariyar ta fi zagi ciwo. Kawu ya matsa gaba da gwiwoyinsa, hannunsa wayam, ya dafa tabarma inda saiwar take ɗazu, ya soma ɗaya jawabin, na neman gafara.  Bai yi ado ko ɗaya ba. Da ya gama, dattijon gidan ya daɗe kafin ya tafa.

"Ni dai ba ni da ta cewa," in ji Kaka Vasemaca tana share ido. "Sunan mijina ne a kai, amma waƙar ta mai gwaza ce. Ku tambaye ta."

Unaisi ta ajiye mafici.

"Ran Juma'ar farko na shiga ɗakin ajiyar tawul na yi kuka," ta ce. "Ta biyu ma haka. Daga baya sai na riƙa tsayawa ina ji, don muryarki na da kyau, wannan ba zan hana ki ba. Kullum ina cewa yau za ta kai wurin sunansa. Kullum sai ki tsaya, a yi tafi." Ta numfasa. "Wadda kuka naɗa ba za ta fita ba. Ki gaya wa mai situdiyonki haka."

"To, Inna."

"Kada ki ce mini to da sauri, ba oda na ba ki ba." Ta dubi uwarta, ta dubi Kawu da har yanzu kansa ke ƙasa. "Hutuna zai ƙare ran Talata. In kina nan har ranar, kina kwana a ɗakina, kina zuwa gona da ni, zan kai ki gida biyar ki gaishe su. In sun yarda, in kuma na ji kin iya kiran mutanen nan yadda ake kiran mutum, sai mu yi maganar sabuwa. Ban yi alkawari ba."

Torika ta gyaɗa kai.

"Matso nan. Goge hancinki tukuna."

Ta rarrafa ta ratsa tsakiyar tabarmar, idon kowa a kanta, ta zauna gefen matar. Unaisi ta rera sunan farko. Torika ta maimaita.

"A hankali," in ji Unaisi. "Ina za ki? Sake."