Sanƙon Reijo da Wankan Rusina

Da Tuulikki za ta tafi taron aiki na mako guda, sai ta kawo wa mahaifinta Reijo magenta Rusina. Mage ce marar gashi ko ƙwaya ɗaya, jiki duk tamoji, kamar kazar da aka fige. Tsohon ya dube ta, ita ma ta dube shi, babu wanda ya burge wani.

"Baba, ranar Asabar a yi mata wanka, in ba haka ba maiƙo zai taru a fatarta," in ji Tuulikki.

Takardun gidan kula da tsofaffi suna leƙowa daga jakarta. Tun rasuwar mahaifiyarta take cewa ba zai iya zama shi kaɗai a bakin tabki ba. Reijo ya san ba riƙon mage aka ba shi ba, jarrabawa ce, kuma yana tsoron faɗuwa.

Sai da ta yi nisa ya ga ta manta da sabulun magen. Bai damu ba. A wurinsa sabulu ɗaya ne a duniya, na ƙaron itace, wanda kowane gida ke wanke dardumai da shi a bakin tabki idan zafi ya shigo. Ya tafi shagon Aune, tsohuwar 'yar ajinsu, ya ɗauko guda.

"Wace darduma za ka wanke cikin sanyin nan?" in ji ta.

"Mage ce. Irin tsirarar nan."

"Kai Reijo, ka ji tsoron Allah! Fatarta ta fi ta jariri laushi."

"Da shi kakata ta wanke mu, ga mu nan daram."

"Na ga alama, ko gashi ɗaya bai tsira a kanka ba." Ta turo masa sabulun ruwa na jarirai, marar ƙamshi. "Tunda kai da ita kanku ɗaya, gwada a sanƙonka tukuna."

Don taurin kai ya sayi duka biyun. Ranar Asabar ya hura murhun ɗakin sirace kamar kullum, ya shafa na darduma a ɓangaren dama na sanƙonsa, na jarirai a hagu, ya zauna yana jiran ya ƙaryata Aune. Kafin gumi ya gama keto masa, ɓangaren dama ya ɗauki raɗaɗi kamar an goga barkono. Ya yi maza ya ɗauraye kansa. Ya wanke Rusina da na jarirai cikin ruwan ɗumi, ya bi kowane tamoji a hankali, ya naɗe ta a tawul. A ƙirjinsa ta yi barci.

Da Tuulikki ta dawo, ta duba magen har tsakanin yatsu, ba ta ga abin cewa ba. Sai iska ta ture masa hula.

"Baba! Me ya sami rabin kanka?"

"Gwaji na yi. Zan shafa mata abin da ban sani ba ne?"

Ta yi dariya har da hawaye, sannan dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba. Ta zaunar da shi, ta shafa masa man da take shafa wa magen a sanƙo.

Da yamma ya durƙusa zai hura murhu, yana laluben tsohuwar jarida. Tuulikki ta buɗe jakarta, ta miƙo masa takardun gidan tsofaffin nan.

"Ungo, Baba. Waɗannan sun fi saurin kamawa."