Kwamfutar Minti Bakwai

Saura mako uku a yi jarrabawar shiga jami'a, kwalaye shida suka iso wata makarantar al'umma a Gwandu. Tsofaffin ɗalibai ne suka aiko da su daga Kano. Wani mai baki a cikinsu ya ce kwamfutar da mutum ya haɗa da hannunsa ta fi wadda ake saye a haɗe ƙarko, sai suka sayi kayanta ɗaiɗai suka ɗora a mota. Babu wanda ya tambaya ko akwai mai iya haɗawa. Sun yi hoto da kwalayen, sun watsa a waya, aikinsu ya ƙare.

Ɗalibai goma sha huɗu ne za su zauna jarrabawar, kuma a kan kwamfuta ake yin ta. Babu ɗayansu da ya taɓa riƙe linzamin kwamfuta. Wadda ta fi tsaya wa Malam Lawali a rai, malamin lissafi, ita ce Fiddausi da ke zuwa daga Maruda kullum. Tana son karatun jinya, kuma a takarda babu mai kamo ta. Mahaifinta ya ce sau ɗaya zai bari ta gwada. In ta samu, ta tafi. In ba ta samu ba, karatu ya tsaya nan, ta kama wa uwarta sana'ar ƙuli-ƙuli. Ba mugu ba ne, amma bai taɓa canza magana ba.

Shugaban makarantar, Malam Abdulbaƙi, ya shekara goma sha tara a kujerarsa, kuma abu ɗaya ya gwanance a kai: ɗage aiki. Ya dubi kwalayen ya ce a kai su sito tukuna, a ga yadda hali zai yi.

“Ranka ya daɗe, ni zan haɗa ta,” in ji Lawali.

“Ka taɓa?”

“Ban taɓa ba. Zan koya a waya.”

Malam Abdulbaƙi ya yarda, don ya ga in abin ya lalace akwai wanda za a nuna. Sharaɗinsa ɗaya: a yi aikin a ofishinsa, a gaban Alhaji Sule, shugaban kwamitin iyaye.

Alhaji Sule mutum ne da ya sayi babur shekara uku da suka wuce, har yau ledar da aka naɗo kujerarsa da ita tana nan, ta yayyage, tana kaɗawa a bayansa in yana gudu. Haka ake yi a nan. Kujera, talabijin, agogon bango, duk a bar su cikin leda har su tsufa, don mai wucewa ya san sabo aka saya. Amfanin abu bai dame mu ba kamar a gan mu da shi.

Masu koyarwa a bidiyo cikin minti goma suke gama haɗa kwamfuta, suna yi suna raha. Lawali kwana huɗu ya yi. Ranar farko ta tafi wajen gane wane ne wane. Babban allon da komai ke hawa kansa ya ƙi zama daidai da ramukan akwatin, sai da ya gane ya juya shi. Notuka iri uku ne, duk kamarsu ɗaya, kuma ɗaya ya faɗa ƙarƙashin allon, dole ya kwance duk abin da ya ɗaura. Akwai wasu siraran katuna biyu da sai an danna su da ƙarfi suke shiga, shi kuwa yana tsoron karya abin da ba nasa ba, ya yi awa guda yana lallaɓa su. Wayoyin maɓallin kunnawa kuwa sun yi ƙanƙanta har sai da ya aro tabarau. Littafin da ya zo da kayan zane ne kawai, kuma wanda ya zana shi ya ɗauka kowa an haife shi da sanin abin.

Duk wannan Alhaji Sule na zaune da carbi yana kallo, bai san komai ba, bai kuma yi shiru ba.

A rana ta uku Lawali ya zo kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, wani ɗan ƙarfe mai faɗin akwatin ashana. A kanta ake ɗora wani dunƙulen ƙarfe mai fanka da ke zuƙe zafinta. A ƙasan dunƙulen akwai siririyar leda garai-garai, babu rubutu. Lawali ya sa farce ya fara ɓanɓarowa.

“Malam, mi kaka yi?” in ji Alhaji.

“Leda ce zan cire, Alhaji.”

“Bar ta nan. Onarabul, ɗan majalisarmu, za shi zo ƙaddamar da ita. In ya ga babu leda, cewa za shi yi tsohuwa munka sayo munka wanke. Ba a taɓa ko guda sai ya zo ya gani da idonai.”

“Ai wannan a ciki take, ba zai gan ta ba.”

“In ya ce a buɗe fa? Kai yaro ne, ba ka san manya ba.”

Bidiyon da Lawali ke bi bai nuna wata leda ba. Ya ɗauka irin ta kujerar babur ce, wauta ce amma ba ta cutar da komai. Ga shi kuma Alhaji sa'ar mahaifinsa ne. Ya mayar da gefen da ya ɗaga, ya shafa ɗan farin man da aka haɗo da shi, ya ɗaure.

Rana ta huɗu ya danna maɓalli, shiru. Ya yi zufa rabin awa kafin ya gano akwai wani maɓallin a baya. Da ya danna shi fanka ta juya, gilashin kwamfutar ya kawo haske. Malamai suka cika ofis, kowa yana yi wa Alhaji barka da ƙoƙari.

Bayan minti bakwai ta mutu. Aka sake kunnawa, fanka ta yi ta ƙugi, ta sake mutuwa. Sau biyar haka.

Nan fa masana suka fito. Malamin tarihi ya ce zafin bazarar Gwandu ne, kayan ƙasar sanyi ba sa jure shi. Wani ya ce wutar sola ba ta da nauyi. Wani ya ce sabon abu sai ya saba da wuri, a ba ta lokaci. Babu wanda ya ce a buɗe a duba.

Malam Abdulbaƙi ya gyara hula. “Minti nawa kac ce tana yi?”

“Bakwai, ranka ya daɗe.”

“To yanke kyalle da hoto minti nawa ne? Ba su kai biyar ba. Ai ta isa.”

“Yara fa? Jarrabawar awa biyu ce.”

“Yara Allah na tare da su. Na bara ma haka sunka tafi.”

Gaskiya ne, haka suka tafi, kuma biyu ne suka ci. Ƙaddamarwar ma sai bayan jarrabawa da mako biyu, lokacin da Onarabul zai samu sukuni. Aka lulluɓe kwamfutar da zanen teburi, aka kulle ofis.

Mako guda Lawali yana neman mabuɗi. Yau shugaba ya tafi ta'aziyya, gobe ya manta shi a wata riga. A aji Lawali ya zana linzami a allo, ya ba kowa dutse ya tura a kan teburi. Fiddausi ta tura nata sau biyu ta ajiye.

“Malam, ka gaya mani gaskiya. Za mu taɓa ta kafin ranar?”

Ranar Juma'a, da shugaba ya bar ofis a buɗe ya fita alwala, Lawali ya shiga ya sunkuci akwatin kwamfutar ya fice.

Da safiyar Asabar ya shiga mota da shi a kan cinya, ya sauka Birnin Kebbi, ya canza wata zuwa Kalgo. A can yayarsa Huseina take aure, tana da shago inda take buga wa ɗalibai takardu da kwamfutoci uku da ita ke gyara abinta.

“Injiniyan Gwandu,” in ji ta, tana kallon akwatin. “Gawa ka kawo mani ko mara lafiya?”

“Yaya, ki duba kawai. Minti bakwai take yi ta ɗauke.”

“Kai ma haka kake in an sa ka shara.”

Ta kunna, ta kara bayan hannu a jikin dunƙulen ƙarfen. Sanyi ƙalau, alhali fanka na ihu. Ta kashe, ta kwance notuka huɗu, ta juyo shi. Ledar ta yamutse ta yi ruwan ƙasa, man ya caɓe a kanta. Huseina ta ɗaga ta da yatsu biyu ta kai daidai hancinsa.

“Mi ne wanga?”

“Alhaji Sule ne ya ce a bar ta.”

“Alhaji Sule ya taɓa haɗa kwamfuta?”

“A'a.”

“Ya taɓa kunna ta?”

Ta nuna masa ƙasan dunƙulen.

“Zafi ta nan yake bi ya fita, ka toshe mashi hanya. Don kar ta ƙone take kashe kanta, ta fi ku hankali ke nan. Rashin sani ba laifi ba ne, ni ma na taɓa ƙona allo guda. Amma ka kira ni mana. Kai da digirinka, hannunka ya gaya maka cire, tsoho ya ce bari, sai ka bari don yana da furfura.”

“Kin san yadda garinmu yake.”

“Na sani. Kullum kana zagin su a waya, ashe in sun yi tari kai ma durƙusawa kake.”

Ta goge wurin da auduga, ta ɗiga sabon mai kamar ƙwayar wake, ta ɗaure. Sauran haɗin ta dudduba ta ce ba laifi, waya ɗaya ce kawai ya soke a inda ba nata ba. Sannan ta kama ledar da ke jikin akwatin ta waje, wadda ta rufe rabin ramukan iska, ta yage ta gaba ɗaya. Kwamfutar ta yi awa uku a kunne, har suka ci abinci suka yi la'asar.

Ranar Litinin Lawali bai kai ta ofis ba. Ya ajiye ta a ajin 'yan shekarar ƙarshe, ya je ya ce a ba shi gilashin da linzamin. Malam Abdulbaƙi ya aika aka kira Alhaji. Alhaji ya zo ya zagaya akwatin sau biyu. Bai tambayi ko ta gyaru ba.

“Ina ledar?”

“Tana bola a Kalgo, Alhaji. Ita ce take kashe kwamfutar.”

“Wa ya ba ka izini?”

“Babu. Saura kwana tara. In kun hana ni gilashin, zan ɗauko talabijin na gidanmu, kuma duk uban da ya tambaye ni dalili zan gaya mashi.”

Wannan ne kawai ya taɓa su, maganar a ji a gari. Suka koma gefe suna ƙus-ƙus. Suka kira taron kwamiti, taron bai yiwu ba sai Laraba. A taron, dattawa bakwai suka kwashe awa biyu suka cimma matsaya: yara su yi amfani da ita, amma ranar ƙaddamarwa a sayo sabuwar leda a kasuwa a naɗe ta. Shi kuma Lawali a ba shi takardar gargaɗi. Kowa ya fito yana yaba hikimar Alhaji.

Kwana shida suka rage, ɗaya ranar tafiya ce. Mutum goma sha huɗu, kwamfuta ɗaya, wutar sola kuma ba ta wuce la'asar. Kowa ya samu rabin awa a rana. Ranar farko Fiddausi ta ɗaga linzamin sama tana nuna gilashi da shi. Rana ta biyu ta iya tura shi, amma in za ta danna sai hannunta ya goce. Ranar ƙarshe ta fara sabawa. Tana amsa tambaya a kanta cikin daƙiƙa goma, hannunta ya ci ashirin kafin ya kai wurin.

Ranar jarrabawa Lawali ya jira su a tasha. Ita ce ta ƙarshe da ta sauko.

“Yaya?”

“Lokaci ya ƙare, Malam, saura tambaya goma sha bakwai. Na karanta wasu. Na san su.”

Sakamako ya fito bayan kwana goma. Maki shida ne ya rage mata ta kai abin da ake nema a karatun jinya. Lawali ya hau babur ya tafi Maruda. Ya iske mahaifinta a gona yana gyaran kunya kafin ruwa ya sauka. Ya gaishe shi, ya yi masa bayani tun daga kwalaye har zuwa Kalgo, bai ɓoye nasa laifin ba. Ya roƙi a bar ta ta sake baɗi.

Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya jingina da ƙotar fartanya.

“Malam, na gode da zuwa. Amma baɗi wa ke riƙe da makarantar?”

“Su ne, Baba.”

“To ka ji. Ba ni aika ɗiyata ta sake shekara guda wurinsu.”

Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Lawali ya ɗan tsaya a bakin gonar. Da ya ga ba za a sake ɗago kai ba, ya tura babur ɗinsa zuwa hanya.