Kakar Aro

Shekara goma sha huɗu na yi a buro, wato ofishin gwamnati, a garin Agiye ina rubuta takardun haihuwa. Na rubuta sunayen ɗiyan mutane har yatsana ya yi kanta, ni kuwa Allah bai ba ni ko ɓari ba. Ba kuka nake ba fa, labari nake ba ku.

Tunanin barin aikin ya daɗe yana cina. Ina ganin matan da ake turowa garinmu aiki, malaman lakol, wato makarantar boko, da ma'aikatan likita, baƙi ne, ba uwa ba kaka a kusa, kullum suna fama da goyo. Na ce me zai hana in buɗe gidana in riƙa yi masu reno? Ranar da na furta, Gwaggo Jummai, ƙanwar babana, ta ajiye ludayin furarta.

"Baturiya, kanki ɗaya kuwa? Ki bar albashi ki koma wankin kashi? Kuma wa zai ɗauki ɗansa ya ba wadda ba ta san zafin naƙuda ba?"

Wallahi maganar ta soke ni har zuci. Maigidana Abdulhadi dai cewa ya yi in gwada tukuna kafin in saki aikin.

Gwajin kuwa da ƙafarsa ya zo. Wata malamar lakol 'yar Damagaram, Nusaiba, ta yi sallama da ɗanta Tahiru a baya. Yaron ya isa yaye. Kowa ya san gidan kaka ake kai yaro ya manta da nono, to ita uwarta ta rasu, uwar mijinta kuma tana can nesa.

"Yaya, ki zame mana kaka na sati ɗaya," in ji ta.

Na ɗauki hutu a buro, na karɓe shi. Kafin azahar unguwa duk ta ji. Na san in yaron nan ya ƙi ni, magana ta ƙare, babu macen da za ta sake miƙo mini ɗa a garin nan.

Ni da iyayi, sai na tafi kanti na jibgo biskit da madarar gwangwani. Tahiru ya dubi kofin, ya dube ni, ya sa hannu ya kifar. Kai, yaron nan akwai taurin kai! Kwana biyu ruwa kawai yake kurɓa, sai kuka har muryarsa ta dushe. Maƙwabta kuma an samu abin kallo, wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo ɗibar wuta, alhali Tahiru suka zo gani.

Rana ta uku da hantsi Nusaiba ta kira ni a waya.

"Yaya, ki yi haƙuri. In bai ci komai ba zuwa la'asar, zan zo in ɗauke shi."

Na zauna bakin ɗaki na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Da na share hawaye na ce bari in dama masa kunu, ko Allah zai sa. Garin gero ya ƙare, ga shi ba zan iya ratsa gari zuwa injin niƙa da yaro yana tsala ihu ba, a ƙara samun na faɗi. Sai na goya shi, na jawo turmin da na yi shekaru ban taɓa ba, na zuba gero na hau daka cikin haushi.

Ban san lokacin da kukan ya tsaya ba. Jin kansa kawai na yi ya kwanta a bayana, yana bin taɓarya sama da ƙasa. Na ci gaba, tafin hannuna na zafi, na surfe, na wanke, na mayar turmi na kirɓa da ɗan sukari. Ina sunkuyawa in kwashe, sai ga ɗan hannu ya zuro ta ƙarƙashin hammatata.

Gumba yake so! Na gutsura na miƙa masa. Ya cinye, ya sake miƙo hannu. Na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida, guɗar da ta sa masu leƙen suka shigo da gudu.

Da la'asar Nusaiba ta iso da zanen goyonta a kafaɗa. Ta tarar da shi zaune a cinyata, baki dumu-dumu da kunu. Ya ɗaga kai ya dube ta, ya yi mata dariya, ya koma kan ludayinsa. Ta rasa ta yi kuka ko dariya, sai ta haɗa duka biyun.

Kafin wata ya ƙare yara bakwai ake kawo mini kowace safiya, har daga Gazawa wata ungozoma ta kawo ɗiyarta yaye. Na sa aka kafa rumfa, na sayi tabarmi da ƙaramar randa.

Ranar da na je ajiye aiki, shugaban buronmu ya ɗauko takarda ya gyara tabarau.

"Madam Baturiya, dole a rubuta dalili. Me zan sa?"

Na gyara zama, na ce, "Ranka ya daɗe, rubuta: ɗiya sun yi mata yawa."